Idon Ajiya

Duk wanda ya saba bin titin da ya wuce ta gaban tashar mota ya san Mai Agogo, ko da bai taɓa kai masa gyara ba. A ƙarƙashin barandar wani shagon fenti yake zama, a bayan ɗan tebur mai rufin gilashi. Cikin gilashin agoguna ne a jere, wasu na tafiya, wasu sun tsaya tun lokacin da masu su suka kawo su suka manta da su. Kullum kansa a sunkuye yake, ɗan madubin nan na masu gyaran agogo maƙale a idonsa na dama, na hagun kuma a runtse gam, har fatar wurin ta yi layi-layi. Ko ya cire madubin ya ɗago, sai ka ga kamar zai ƙyafta maka ido.

Shahararsa ba ta wuce wannan titin ba, shi ma bai nemi ta wuce ba. Siririn mutum ne mai tsabtar hannu, maganarsa kaɗan da safe, da yamma kuwa sai ka gaji da ji. Yana saurayi mahaifinsa, wanda yake dako a tashar, ya kama hannunsa ya kai shi wurin wani tsoho mai gyaran agogo, ya ce shi dai ba ya so ɗansa ya gaji ciwon baya. A wurin tsohon nan ya koyi riƙe hantsaki ba tare da hannu ya yi rawa ba, ya koyi ɗauke numfashi idan zai ɗora ƙusar da ba ta fi ƙwayar yashi ba. A nan kuma ya ɗauko wata magana da ya riƙe har ya yi furfura.

Ran da ya fara maƙala madubin, sai ya riƙa sauya shi daga wannan ido zuwa wancan. Tsohon ya buge masa hannu.

"Kai, tsaya wuri ɗaya," in ji shi. "Da na dama za ka yi aiki. Na hagun rufe shi za ka yi, ka bar shi ya huta. Sana'ar nan ido take ci. Ranar da na dama ya gaji, sai ka ɗauko na hagu ka same shi sabo fil."

Tsohon bai yi tsawon ran da zai gwada maganarsa ba, domin ya rasu idonsa na dama bai gaji ba. Amma maganar ta zauna daram a zuciyar yaronsa, don dama shi mutumin ajiya ne. Ba ya yar da komai. Agogon da ya mutu murus sai ya farke shi, ya ware ƙusoshi gefe, hannaye gefe, gilasai gefe, kowanne da gwangwaninsa a aljihun tebur. Marigayiya matarsa takan ce da za a bar shi, har ƙurar shagon sai ya ƙulle a leda ya ce wata rana za ta yi amfani. Lokaci-lokaci yakan fito da gwangwanayen nan ya buɗe, ya goge abin da tsatsa ta fara taɓawa, ya ɗiga mai, ya mayar. Ajiya ɗaya ce bai taɓa buɗewa ya duba ba, ita ce wadda ya fi taƙama da ita.

"Ni ido biyu gare ni," yakan ce wa masu zama a bencinsa, "ɗaya na kasuwa, ɗaya na tsufa."

A hagunsa, ƙarƙashin barandar dai, Mai Takalmi ke zama da guduma da zare da tarin takalman da suka ga duniya. Tare suka yi ƙuruciya a wurin, tare gemunsu ya yi fari. Mai Takalmi yana kiransa Likitan Ƙarafa, shi kuma yana ce masa Mai Shaƙar Ƙafafu, ba wanda ya taɓa jin haushi. Suna da wata ɗabi'a tasu: idan rana ta take, Mai Takalmi yakan zuba shayi daga fulas ɗinsa, ya ɗaga kofin sama ba tare da ya ce uffan ba, don ya san ba a yi wa mai riƙe da hantsaki magana kwatsam. Da Mai Agogo ya cire madubi ya hangi kofin ta gefen ido, sai ya rufe tebur ya matso.

Sai aka wayi gari kofin yana tashi sama, Mai Agogo ba ya motsi. Zai cire madubin, ya miƙe wuya, ya kalli titi, ya koma aikinsa. Mai Takalmi kuwa mutum ne da ba ya roƙon a karɓi tayinsa. Ya ɗaga yau, ya ɗaga gobe, da ya ga abin ya zama kullum sai ya shanye shayinsa shi kaɗai, ya ce a ransa lallai mutum ya fara jin kansa. Shi kuma Mai Agogo, a nasa ɓangaren, yana can yana cewa rowa ta kama abokinsa da tsufa, har kofin shayi ya gagara. Ba su yi faɗa ba. Gaisuwa ce ta gajarce, wasan ya mutu, dattawa biyu suka zauna kafaɗa da kafaɗa kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara magana. Abin ya dame su duka biyun, amma girman kai ya hana kowa tambaya.

A gida ma akwai 'yan abubuwan da da an tara su wuri ɗaya da sun yi magana. Kafaɗarsa ta hagu ta saba da bakin ƙofar ɗaki. Kofin ruwan da aka ajiye masa a hagu sau nawa yana kifar da shi da gwiwar hannu. Shi dai ƙofar yake zagi, ya ce kafintan da ya yi ta bai san aikinsa ba.

'Ya'yansa manya duk sun watse garuruwa da iyalansu, saura Auta, wadda take koyarwa a makarantar firamare, ita ke zaune da shi tun rasuwar mahaifiyarta. Wata rana ta dawo daga aiki ta same shi a tsakar gida yana wanke hannu.

"Baba, yau masu duba ido sun zo makarantarmu," ta ce. "Sun duba yara. Likitar ta ce duk wanda ya fara manyanta ya kamata a riƙa duba masa ido lokaci-lokaci, ko ba ya jin komai. Balle in akwai wanda ya taɓa makancewa a gidansu."

"To wa ya makance a gidanmu?"

"Inna mana, mahaifiyarka."

"Inna tsufa ne ya kama ta. Tsufa kuma ba a kai shi asibiti."

"Ni dai da ka daure mun je, Baba. Ba allura ba ce, dubawa ce kawai."

Ya shiga ɗaki ya fito da agogon hannu, ya juya bayansa, ya karanta mata 'yan mitsi-mitsin rubutun da ke jikin murfin, harafi bayan harafi, ko madubi bai sa ba. Sannan ya miƙa mata.

"Karanta min."

Ta kai shi kusa da fuska, ta matse ido, ta yi dariya ta ce ta kasa.

"To kin gani. Wa ya kamata a kai asibiti tsakanina da ke? Wannan fa idon da ya yi shekaru yana bauta ke nan. Ɗayan ko taɓa shi ban yi ba."

Ta sake tayar da maganar bayan 'yan watanni, ya sake yi mata wasan agogo, daga nan ta haƙura. Tsakani da Allah ba taurin kai kaɗai ba ne. Mutumin da yake zura ƙusa a ramin da wasu ba sa ma ganinsa, da wace hujja za ka ce masa idonsa na da matsala? Gwajin da ya sani ke nan, kuma kullum yana cinye shi.

Ranar da abin ya faru, wani tsohon agogon bango aka kawo masa, irin mai wani naɗaɗɗen ƙarfe a ciki wanda ake murɗawa da makulli. Aikin ba na madubi ba ne, don haka ya cire shi ya ajiye. Yana cikin sassauta ƙarfen sai ya kuɓuce, bakinsa ya fyaɗe shi a idon dama. Ya dafe wurin, hawaye na bin yatsunsa. Mai Takalmi, wanda ya yi wata da watanni bai ce masa komai ba bayan ina kwana, shi ya fara zuwa kansa, shi ya kira Auta a waya, shi ya tare musu mota.

A asibitin ido wata nas ta wanke idon, likita ta haska ta duba. Mace ce mai matsakaicin shekaru, mai magana a hankali. Ta ce an yi sa'a, ƙarfen ya karci saman idon ne kawai, zai warke cikin 'yan kwanaki. Aka sa magani, aka rufe idon da auduga da filasta. Mai Agogo yana zaune a kan kujera, ido ɗaya a ɗaure, ɗayan a runtse saboda sabo, har ya samu bakin wasa.

"Auta, yau ranar ajiya ta zo," ya ce. "Bari mu ga abin da muka tara."

Ya buɗe idon hagu.

Ya jira ɗakin ya bayyana, bai bayyana ba. Ya ƙyafta, ya sake ƙyaftawa. Wani ɗan haske ne kawai a tsakiya, dishi-dishi, kamar mai leƙe ta ramin makulli, duk abin da ke kewaye da shi babu. Ba baƙi ba ne, ba fari ba ne, babu ne kawai.

"An ɗauke wuta ne?" ya tambaya.

"Wuta tana nan, Baba," in ji Auta. Muryarta a dab da kunnensa take, amma bai ga ko inuwarta ba.

"Ina kike?"

"Ga ni a gabanka."

Ya juya kansa gaba ɗaya, a hankali, yana lalube da ɗan hasken nan har ya faɗa kan wani abu mai kama da haɓarta. A nan ne ya gane wannan juyin kan. Haka Inna take yi a shekarunta na ƙarshe idan an yi sallama, ta juyo da kai duka tana neman mai magana.

Nas ɗin ta koma ta kira likita. Aka kai shi wani ɗaki, aka ɗora haɓarsa a kan wata na'ura, aka auna, aka haska, aka sake aunawa. Da ta gama, likitar ta jawo kujera ta zauna kusa da shi.

"Baba, akwai ruwa a cikin ido da yake shiga yana fita," ta ce. "In hanyar fitarsa ta toshe, sai ya taru ya riƙa danne jijiyar gani. Shi ne mutane ke kira hawan jinin ido. Ba ya ciwo, ba ya ja, ba ya ƙaiƙayi. Daga gefe yake fara ci, a hankali, tsakiya ce ƙarshen abin da yake taɓawa. Shi ya sa mutum zai iya zura zare a allura alhali rabin ganinsa ya tafi. Naka na hagu ya daɗe yana tafiya, na daman ne yake rufa masa asiri."

"Amma ban yi aiki da shi ba," ya ce. "Ajiye shi na yi."

"Ba aiki ne ya cinye shi ba. Ko an rufe shi, ko an buɗe, ciwon yana aikinsa."

Can sai mai gyara ya motsa a cikinsa.

"To, yanzu wane abu ne ya lalace? A cire a sa wani."

"Jijiyar ce, Baba. Ita kuma ba ta da ta canji."

Sau nawa shi da kansa ya faɗa wa mutane wannan magana, yana tura musu agogonsu ta kan gilashi, yana ba su haƙuri. Bai taɓa sanin nauyinta ba sai yau.

"Da na zo tun farko fa?"

Likitar ba ta yi masa kwana-kwana ba. Ta ce da an gano shi da wuri, da maganin ɗigawa kaɗai zai iya tsare mafi yawan ganin. Ta ce abin da ya rage yanzu shi ne na dama, kuma ba za ta san halin da yake ciki ba sai ciwon ya warke an cire filastar.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a rayuwarsa. Mutumin da bai taɓa yarda a riƙe masa ko jaka ba, ga shi Auta na riƙe da hannunsa zuwa banɗaki. Yakan zauna a bakin gado da hantsi, yana jin motsin gari ta taga, yana tunanin Inna: yadda take bin bango da tafin hannu, yadda suka ce tsufa ne suka saya mata sanda, suka ga sun yi mata gata. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba, ba tsoron mutuwa ba, tsoron zama a ɗaki shekara da shekaru ana kawo masa labarin rana. Ya yi kuka sau ɗaya, da ya tabbata Auta ta fita.

Mai Takalmi ya zo dubiya da fulas ɗinsa a hannu. Auta ta yi masa bayanin abin da likita ta ce. Mai Takalmi ya ce, "Wato duk kofin nan da nake ɗaga maka ba ka gani?"

"Wane kofi? Ai cewa na yi ka daina."

"Ni kuwa na ce ka yi kuɗi ka fi ƙarfin shayina."

"Kuɗin me, Mai Shaƙar Ƙafafu? A gyaran agogo?"

Suka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Mai Takalmi ya zuba shayin, ya kamo hannun abokinsa ya ɗora a kan kofin, bai saki ba sai da ya ji ya riƙe.

Da aka cire filastar, Mai Agogo ya ga fuskar likita, ya ga agogon da ke hannunta, har ya lura yana gudu kaɗan. Aka yi masa gwaje-gwaje. Ciwon ya taɓa na daman ma, ya ɗan ci daga gefe, amma tsakiyar tana nan lafiya. Likitar ta ce zai riƙa ɗiga magani safe da yamma har iyakar rayuwarsa, ya kuma riƙa zuwa ana aunawa, in ya kiyaye akwai kyakkyawan zaton zai riƙe abin da ya rage. Ta ƙara da cewa ciwon yana bin jini, ya kamata 'ya'yansa duka su je a duba su.

Suka fito baranda, Auta ta karɓo magani ta ce su tafi. Ya samu benci ya zauna.

"Ranar da masu duba ido suka zo makarantarku, ke an duba ki?"

"Ina na samu lokaci, Baba? Ni ce mai jera yara."

"To koma ciki."

"Haba Baba, ni idona lafiya lau. Daga gaban allo nake hango abin da yaron bencin baya yake rubutawa."

Bai ɗaga murya ba. Ya juyo da kansa har sai da fuskarta ta shigo tsakiyar ganinsa.

"Na san wannan maganar," ya ce. "Ni na koya miki ita. Ba zan tashi daga bencin nan ba sai kin shiga."

Ta shiga. Ya zauna yana kallon ƙofar har ta fito da 'yar kwalba irin tasa a hannu. Ruwan idonta ya fara hawa, in ji likita, amma jijiyar ba ta taɓu ba, ba ta rasa komai ba. Mai Agogo ya karɓi kwalbar ya jujjuya ta, ya yi godiya ga Allah a fili, bai damu da mutanen da ke kallonsa ba. A ranar ya sa ta kira yayyenta ɗaya bayan ɗaya, ya karɓi wayar da kansa, ya ce umarni ne ba shawara ba.

Ya koma bakin aikinsa. Safiyar da ya koma ya tarar Mai Takalmi ya kwashe guduma da zare da tarin takalmansa ya dawo ɓangaren dama, inda rana ke dukan mutum da yamma. Bai ce don me ba, shi ma bai tambaya ba. Yanzu Mai Agogo ba ya tsallaka titi sai ya juya kai duka, ba ya kuma karɓar agogon bango. Masu zama a bencinsa sun lura ya daina maganar idon kasuwa da idon tsufa. Idan wani ya yaba masa kaifin gani, sai ya tambaye shi yaushe rabon da a duba nasa, yawancinsu kuma dariya suke yi su ce lafiyarsu ƙalau.

Kowace safiya kafin su fita, shi da Auta sukan zauna a bakin gado, ta ɗiga masa, ya ɗiga mata, don hannunsa har yanzu ba ya rawa. Wata safiya tana sauri, ta ɗiga masa a na dama ta fara rufe kwalbar. Ya riƙe hannunta.

"Saura ɗayan."

"Na manta ne, Baba." Sannan ta tambayi abin da ta daɗe tana son tambaya. "Kana ganin wani abu da shi kuwa?"

"Ɗan haske. In kin tsaya daidai, ina sanin akwai mutum."

Ya kwantar da kai baya, ya sa yatsa ya buɗe fatar nan mai layi-layi da ta saba runtsewa.

"Sa masa," ya ce. "Shekara da shekaru yana jirana, ko sau ɗaya ban leƙa na ga yadda yake ba."